Kundin aikin sabar gida: shiga daga nesa alhali makatsin VPN yana kunne

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ga abin da ke ƙasa. Raspberry Pi 4 ce, 'yar ƙaramar kwamfuta mai tsarin Raspberry Pi OS na Bookworm, da faifan ajiya guda ɗaya a gefenta, a saman kabad a gidanmu na Kano. Tana jone da rautar 4G ta waya, wuta kuma daga inbata take sha. Aikinta biyu ne. Na farko ajiya: hotunan iyali, takardun fili da muka ɗauka a sikana, da karatuttukan da na kwashe daga tsofaffin kaset. Na biyu wata 'yar manhaja da na rubuta, wadda ke zagaya shafuka da dare tana tattaro min farashin kayan masarufi saboda aikina. Don wannan ta biyun na sa mata VPN na haya, ba na son adireshin gidanmu ya riƙa bayyana a kundin kowane shafi.

Tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Yunin 2021, dakatarwar da ta kai Janairun 2022, ba wanda bai san VPN a waya ba. Sai dai na waya daban, na na'urar da kake son ka leƙa daga wani gari daban.

Abu biyu nake nema a lokaci guda. Ina Abuja in iya shiga na'urar ta SSH, hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa. Sannan in bututun VPN ya faɗi, kada ko ƙunshi ɗaya na bayanan manhajar ya sulale ta layin kamfanin sadarwa. Makatsi shi ke yin wannan aiki na biyu: doka ce a katangar tsaro mai cewa duk abin da ba ta bututu zai fita ba, a hana shi fita.

WireGuard nake amfani da shi wajen gina bututun, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, ya kuma shiga cikin ƙwayar Linux tun siga ta 5.6 a Maris 2020. A jagorar wg-quick, umarnin da ke tayar da bututun, akwai misalin makatsi na layi ɗaya, shi na ɗora:

iptables -I OUTPUT ! -o wg0 -m mark ! --mark 51820 -m addrtype ! --dst-type LOCAL -j REJECT

Ina danna shi SSH ta daskare, alhali ni da na'urar muna falo ɗaya. Sai da na ɗauko kibod na jona ta da talabijin.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na gano inda gizo ke saƙa, kuma ba inda aka fi zato ba ne. Makatsin bai hana ni shiga ba. Na sa tcpdump, mai nuna ƙunshin da ke wucewa, a kan eth0, wato mahaɗar wayar da ta jona na'urar da rauta, ga ƙunshin laftof ɗina yana isowa ƙofa ta 22, ta SSH, lafiya lau. Amsar ce ba ta fita. Kamar maigadin da aka ce wa kada kowa ya fita sai ta ƙofar baya: baƙo ya yi sallama a zaure, an ji shi sarai, amma mai amsawa ba shi da izinin leƙowa.

Dokar ta bar abu uku ne kawai: abin da ya bi ta wg0, wato bututun, abin da ke ɗauke da alamar 51820, wato ƙunshin WireGuard ɗin kansa da aka riga aka ɓoye, da abin da ya nufi adireshin na'urar kanta. LOCAL ɗin nan na cikin dokar bai haɗa da sauran na'urorin gida ba. Laftof ɗina a 192.168.8.0/24 bare ne a wurinta, daidai yake da wata saba a Amurka.

Jadawalin hanyoyi ba shi da laifi a nan. In ka ba wg-quick AllowedIPs na 0.0.0.0/0, ba ya taɓa babban jadawali. Sabon jadawali yake buɗewa mai lamba 51820, ya ce duk ƙunshin da ba shi da alama ya bi shi, sannan ya sa wata ƙa'ida a gaba, suppress_prefixlength 0, mai cewa a fara duba babban jadawalin, a yi aiki da duk hanyar da ke ciki in ban da hanyar gama-gari. Hanyar cikin gida tana nan daram ke nan.

Gyaran da aka fi yi shi ne a buɗe wa duk 192.168.8.0/24 hanya. Ban yi haka ba, domin rauta ma tana cikin wannan zangon, kuma ita ke amsa tambayar DNS, mai mayar da sunan shafi adireshi, a ƙofa ta 53. Ka buɗe mata, ka ba kamfanin layi jerin sunayen duk shafukan da na'urar ta nema, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na taƙaita shi ga amsar SSH kaɗai:

iptables -I OUTPUT -o eth0 -d 192.168.8.0/24 -p tcp --sport 22 -j ACCEPT

Dole wannan layin ya zo bayan na makatsi a cikin PostUp, jerin umarnin da wg-quick ke gudanarwa in bututu ya tashi, saboda -I a sama yake ɗora kowace sabuwar doka, kuma ta sama ake fara karantawa. Na maimaita makatsin a ip6tables. Na kuma ba na'urar tsayayyen adireshi, 192.168.8.10.

Asabar, 25 ga Janairu

Shiga daga waje. Shirin farko shi ne wanda kowa ya sani: a tura wata ƙofa daga rauta zuwa na'urar. Na riga na san matsalar da za ta biyo baya. Ƙunshi zai shigo ta eth0 daga adireshin wayata na waje, amsa kuma ba ta da takamaimiyar hanya, sai ta faɗa jadawali na 51820 ta shige bututu. Can sabar kamfanin VPN za ta ga ƙunshi mai adireshin 192.168.8.10, wanda ba shi aka ba wannan makullin ba, ta watsar. Maganinsa ƙa'ida ɗaya ce, ip rule add from 192.168.8.10 table main, da lambar fifiko ƙasa da ta wg-quick, sai ɗan rami a makatsi.

Duk ban kai ga gwada wannan ba. Shafin rautar ya nuna adireshinta na waje yana cikin zangon 100.64.0.0/10, shafin duba adireshi kuma ya nuna wani abu dabam sam. CGNAT ke nan. Zangon 100.64.0.0/10 an ware shi ne a 2012, a takardar RFC 6598, don kamfanonin sadarwa su tara ɗimbin masu layi a bayan adireshi ɗaya, tunda na IPv4 sun yi ƙaranci. Haka layukan waya suke galibi, Starlink ma da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 haka take ba masu ƙaramin tsari. Ƙofar da zan tura ba a rautata take ba, tana can cikin na'urorin kamfani inda hannuna ba ya kaiwa.

To, tunda ba a iya kiran na'urar, sai dai ita ta yi kiran ta riƙe layi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na auna hanyoyi uku.

Akwai tura ƙofa ta wurin kamfanin VPN kansa. Wannan harka tana ja baya: Mullvad ta daina ta daga 1 ga Yulin 2023, IVPN ma ta bi sahu a shekarar. Proton VPN tana bayarwa, amma lambar ƙofar ita ke zaɓa maka ta NAT-PMP, kuma sai ka riƙa sabunta roƙon a kai a kai. Ko da ta samu, ka buɗe wa duniya SSH ɗinka ne, sannan ranar da bututun ya faɗi kai ma ka faɗi tare da shi.

Akwai Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, kuma gwana ce wajen huda CGNAT. Ba don makatsi ba da ita zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Amma tana magana da adiresoshi masu yawa: sabar da ke haɗa na'urori, sabobinta na DERP masu miƙa saƙo in hanyar kai tsaye ta ƙi, da kowace na'ura taka a duk inda ta shiga. Ba za ka iya cewa adireshi kaza kawai na buɗe ba, sai dai ka bar duk abin da ke ɗauke da alamarta ta 0x80000 ya wuce. Ga shi adiresoshin da take rabawa daga zangon 100.64.0.0/10 ɗin nan ne, wanda layina ke ciki. Ba lallai su yi karo ba, amma ba na son in riƙa tunaninsa.

Ta uku na ɗauka: ƙaramar sabar haya mai adireshi na fili, in ɗora mata WireGuard nawa. Na'urar gida ta kira ta, waya da laftof su kira ta, a haɗu a can. Adireshi ɗaya, ƙofar UDP ɗaya. Wahalarta biyan dala da katin naira, wannan kuwa labari ne mai zaman kansa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bututu na biyu, wg1, ya tashi. Sabar haya 10.77.0.1, na'urar gida 10.77.0.2, waya da laftof na biye. AllowedIPs a gida 10.77.0.0/24 ne kawai, saboda haka ba abin da zai bi ta nan ya fita intanet. A sabar haya na kunna ip_forward, na kuma hana miƙa komai sai daga bututu zuwa bututu. PersistentKeepalive na sa 25, domin in na'urar ta yi shiru CGNAT kan manta da ita, hanyar dawowa ta rufe. Endpoint da lamba na rubuta shi ba da suna ba, tunda neman suna yana buƙatar DNS, DNS kuma yana bayan makatsi.

Tambayar da ta fi cin lokaci ita ce ta ina wg1 zai bi. In ban taɓa komai ba, ƙunshinsa zai shige cikin wg0, bututu cikin bututu. Yana aiki, kuma makatsi bai sami ko tsaga ba. Amma sai an rage MTU, wato iyakar girman ƙunshi, tunda kowane bututu yana cin har bayit 80, daga 1420 a koma 1340. Babban aibinsa kuwa, lokacin da na fi buƙatar shiga shi ne lokacin da wg0 ya lalace, kuma a lokacin ne wannan hanyar za ta mutu.

Sai na bar shi ya fita kai tsaye, kuma dabarar ta fi yadda na zata sauƙi. Makatsi da jadawali duka alama ɗaya suke dubawa. Na rubuta FwMark = 51820 a wg0, na rubuta shi a wg1. Daga nan ɓoyayyen ƙunshin wg1 ya zama ɗan gida: ba ya faɗawa jadawali na 51820, makatsi ma ba ya tare shi. Saura layi ɗaya mai barin abin da ya nufi wg1 ya wuce, iptables -I OUTPUT -o wg1 -j ACCEPT. Kamfanin layi yanzu yana ganin na'urar tana magana da wurare biyu, duka a ɓoye. Wannan na yarda da shi.

Wani abu da na ɗora wa kaina daga yau: kafin in taɓa katanga daga nesa, sai na fara sa agogon komawa.

systemd-run --on-active=10min /usr/local/bin/koma.sh

Fayil ɗin yana mayar da dokokin da na san suna aiki. In gyara ya yi kyau in soke agogon, in ya rufe ni a waje in sha shayi in jira minti goma.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Daga Abuja na shiga. Gajerun umarni suna tafiya, amma da na buɗe dogon kundi sai allo ya tsaya cak. MTU ne, alamarsa ke nan kullum: ƙananan ƙunshi su wuce, manya su maƙale. Na gwada da ping -M do ina rage girma, daga ƙarshe na bar wg1 a 1280 a kowane ɓangare, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da IPv6 ta yarda da shi, Tailscale ma shi take amfani da shi.

Jinkiri kuma akwai shi. Sabar hayar a Landan take, don haka kowane harafi da na danna sai ya bar Abuja ya sauka Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Ingila, ya dawo Legas, ya hau Kano, sannan amsa ta sake bin sawu. Mosh, wata manhajar shiga daga nesa irin SSH, ta rage raɗaɗin, tunda tana nuna harafi nan take kafin tabbaci ya dawo, kuma ba ta damuwa in sabis ya ɗauke ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin WACS da MainOne da ACE da SAT-3 suka katse a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da layuka suka shiga wani hali. Irin wannan ta sake faruwa, Abuja da Kano suna lafiya amma ni da na'urata mu kasa gaisawa saboda Landan. In na sami saba a Legas mai farashin da zan iya, zan matsar.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga, zafi ya fara, fanka ba ta hutawa, batirin inbata kuma ba ya kai asuba. In an ɗauke wuta da dare na'urar kan mutu, ta tashi da safe in rana ta hau sola. Nan wata sabuwa ta ɓullo: bayan ta tashi ba na samunta. Wani lokaci jim kaɗan sai ta dawo, wani lokaci sai an kusa awa. Ba ta taɓa wuce awa ba, kuma wannan ne ya tsaya min a rai.

Na kira ƙanina.

"Auta, leƙa min saman kabad. Fitilun suna kunne?"

"Yaya, jar tana kunne, koriyar ma tana ƙiftawa. Rautar ma lafiya, da ita nake kallo yanzu haka. In cire in mayar?"

"A'a, kar ka taɓa. Bar ta yadda take."

Na shiga sabar haya. tcpdump ya nuna ƙunshin musafaha, wato gaisuwar da ke ƙulla bututu, yana zuwa daga Kano kusan duk daƙiƙa biyar, sabar ba ta amsawa. Na sauke wg na sake ɗaga shi a can, nan take musafaha ta ƙullu. Na shiga gida na buga date: na'urar tana tsakar daren jiya.

Ga yadda abin yake. Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batir, sai a Pi 5 ta 2023 aka sa shi. Abin da take da shi fake-hwclock ne, mai rubuta lokaci a fayil sau ɗaya a awa da kuma lokacin kashewa ta tsari. In wuta ta yanke ba zato, sai ta farka da lokacin da aka rubuta na ƙarshe, wanda zai iya zama kusan awa guda kafin mutuwarta. WireGuard kuwa yana sa tambarin lokaci a saƙon farko na musafaha, ɗaya ɓangaren kuma yana riƙe da mafi sabon tambarin da ya gani, duk wanda bai kai shi ba ya yi banza da shi, don kada wani ya naɗi tsohon saƙo ya sake aikowa. Tunda ana sabunta musafaha kusan duk minti biyu, tambarin da sabar ke riƙe da shi na dab da mutuwar ne. Dole agogon na'urar ya rarrafa har ya wuce wannan tambarin kafin a kula ta. Shi ya sa jiran bai taɓa wuce awa ba.

A na'urar da ba ta da makatsi ba za ka ma san an yi ba, domin tana tashi za ta tambayi NTP a ƙofa ta 123 ta gyara agogo. A nan NTP sai ta bututu, bututu sai da musafaha, musafaha sai da agogo. wg show ya nuna wg0 ma jira yake yi.

Na yi odar ƙaramin agogon DS3231 mai batirin kwabo, wanda ake jonawa ta I2C. Layi ɗaya yake buƙata a /boot/firmware/config.txt, dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, sai a cire fake-hwclock.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na zo sallah gida, na zauna da dokokin gaba ɗaya na karanta su daga sama har ƙasa. Rami don SSH na cikin gida, rami don wg1, ga na NTP yana neman shiga, shi kuma zai jawo na DNS ko tsayayyen adireshi. Ban da haka, makatsin da ke cikin PostUp ba ya nan sai wg0 ya tashi, PreDown kuma yana cire shi in an sauke bututun. Wato daga kunnawa zuwa tashin wg0 na'urar a buɗe take, in wg-quick ya gaza tashi kuwa ba makatsi sam. Alhali nan ne haɗarin yake. In sabar kamfani ce ta mutu, wg0 yana nan, ƙunshi kan shiga ya ɓace a ciki, ba abin da ke zuba. Zuba sai in bututun babu shi.

Kuma duk wannan ɗawainiya saboda manhaja ɗaya ce. Hotunan iyali ba su buƙatar VPN, agogo ba ya buƙata, SSH ba ta buƙata.

Na sauya tsari. Linux tana ba da damar ware wa manhaja keɓaɓɓen ɗakin sadarwa, mai nasa hanyoyi da nasa katanga, kuma shafin WireGuard kansa ya bayyana yadda ake haɗa su:

ip netns add waje
ip link add wg0 type wireguard
ip link set wg0 netns waje

Sirrin yana cikin jerin. An haifi wg0 a babban ɗaki sannan aka mayar da shi cikin waje, kuma WireGuard yana ci gaba da aika ɓoyayyen ƙunshinsa daga inda aka haife shi. A cikin waje ba komai sai lo da wg0. Babu eth0, babu rauta. In bututun ya mutu ko aka goge shi, manhajar ba ta da wata hanya da za ta bi, ba don an hana ta ba, don babu. Na gwada: na goge wg0 tana tsakiyar aiki, tcpdump a eth0 bai ga komai nata ba.

Wannan tsarin ne kuma masu bincike na Leviathan Security suka nuna a matsayin magani a Mayun 2024, da suka bayyana raunin TunnelVision, CVE-2024-3661, inda sabar DHCP ke amfani da zaɓi na 121 ta cusa wa na'ura hanyoyin da suka fi na VPN ƙayyadewa, zirga-zirga ta kauce wa bututu. Hanyar da aka cusa a babban ɗaki ba ta shafi na cikin waje ba.

Na share makatsin iptables da duk ramukansa, na cire FwMark daga wg1. Babban ɗaki ya koma fita kai tsaye, NTP na gyara agogo da zarar rauta ta tashi, jiran safiya ya ƙare tun kafin DS3231 ya iso. Zan sa shi duk da haka, don rautar kan yi nauyin tashi, kundin farkon kunnawa kuma ya fito da lokacin ƙarya.

Tarko ɗaya a nan. Fayil ɗin /etc/netns/waje/resolv.conf, mai faɗa wa ɗakin sabar DNS ɗinsa, umarnin ip netns exec ne kawai ke ɗora shi. In ta systemd ka tayar da manhaja da NetworkNamespacePath, za ta karanta resolv.conf na babban ɗaki, ta nemi rautar da ba ta iya kaiwa, ko ta bi ta bututu tana neman adireshin cikin gida, komai ya tsaya. Sai da na ƙara BindReadOnlyPaths na ɗora fayil ɗin a gurbinsa.

Talata, 15 ga Afrilu

Ana ta ɗauke wuta, na'urar na mutuwa tana tashi, ina kuma samunta daga Abuja ba jira.

Abin da ya rage: manhajar tana da ɗan shafin da nake duba sakamako, kuma yanzu yana kulle a cikin waje, ko daga wg1 ba na kai masa. Ana iya haɗa ɗakunan biyu da veth, wata wayar sadarwa ta cikin manhaja, amma wannan sabuwar ƙofa ce a ɗakin da na gina don kada ya kasance da ƙofa. Na fi karkata ga soket na fayil: manhajar ta saurara a kan fayil, socat ko nginx a babban ɗaki ya ɗauka daga nan ya miƙa wa 10.77.0.2, tunda fayil ba ruwansa da rabon ɗakunan sadarwa. Sai na sake rubuta ɓangaren da ke buɗe shafin kafin hakan ta yiwu.

Har yanzu da hannu nake tayar da waje bayan kowace kunnawa, manhajar kuma na sa ta ƙi tashi in ɗakin babu. Rubuta masa fayil ɗin systemd shi ne aikin Asabar. Agogon ya iso, yana hannun Auta a cikin ledarsa, na ce ya ajiye sai na zo, fil ɗin Pi ba abin jonawa ta waya ba ne.